Kafin In Kai Babin Fuska

Ranar da aka raba gadon matata Sailuba, wayarta ta faɗa a rabon ƙanenta Bahago, kuma kafin la'asar ya kai ta wurin masu gyara a Tudun Wada sun goge duk abin da ke ciki. Wai yana so ya ba matarsa ita fes. Hotunan Sailuba gaba ɗaya a cikin wayar nan suke.

Ba mu haihu ba, saboda haka rabin abin da ta bari nawa ne, rabi na 'yan'uwanta. Na karɓi abin da aka turo gabana: gado, tukwane, keken ɗinki, da atamfofin da har yau ban san abin da zan yi da su ba. Ban yi tunanin waya ba. Tawa ƙarama ce mai tocila, kuma na daɗe ina ganin duk mai ɗaukar hoton kansa ba shi da aikin yi. Sai da aka watse na tuna cewa a shekarunta na ƙarshe Sailuba ta koyi wannan rashin aikin. Idan na fita sai ta zauna a bakin taga ta yi ta ɗaukar kanta, ita da ta tashi a gidan malamai a Ƙofar Kibo, wadda ko a biki ba ta yarda a ɗauke ta. Ba ta taɓa tura wa kowa ba. Ta taɓa nuna mini, na ce na gani, ai ina da na asalin a gida.

Abin da ya rage shi ne hoton katin zaɓe. A cikinsa ta yi kama da wadda aka kama da kayan sata, kuma zaman jaka ya cinye rabin hancin.

Bahago ya zo ba da haƙuri. Ya ce ai hoto ba ya ƙara wa mamaci komai, addu'a ce ke isa gare shi. Na ce gaskiya ne, kuma ban san ya fara karatu ba, ina taya shi murna. Tun daga ranar bai sake taka zaurena ba, wannan kuwa shi ne abu mafi amfani da na samu a rabon.

Masu zuwa ta'aziyya suna gaya wa mutum abubuwa da yawa, yawanci marasa amfani, amma babu wanda ya gaya mini cewa fuska tafiya take yi. Muryarta tana nan. Ƙamshin turarenta yana nan a jikin labule. Amma bayan 'yan watanni, idan na rufe ido na kira fuskar, sai ta zo guntu-guntu, yau goshi, gobe ido. Bakin ne ya fi ba ni tsoro. Sailuba tana da wata 'yar ɗabi'a: kafin ta yi dariya sai leɓenta na ƙasa ya ɗan ja gefe, kamar tana shawara da kanta ko abin ya cancanci dariyar. Fiye da shekara talatin ina kallon wannan, sai ga shi wata safiya na neme shi na same shi da ƙyar.

Aikin ɗakin karatu na yi a wata kwalejin horon malamai har na yi ritaya, kuma na karanta yawancin abin da aka ba ni in tsare, abin da ba zan iya faɗa game da malaman kwalejin ba. Saboda haka na yarda duk abin da ɗan'adam ya iya, ana iya koyonsa. Na sayi fensir da takarda na zauna. Abin da ya fito kabewa ce mai ido biyu. Na yayyage takardar, na yi wa kaina alkawari ba zan sake ɗora fensir a kan fuskar Sailuba ba sai hannuna ya cancanta.

Mutum ɗaya na sani da ya karanci zane, kuma Allah ya sa a gidan da na fi ƙi take. Su'ad, 'yar Hajiya Maimuna, yayar matata. A jami'ar da ke Samaru ta yi karatun, yanzu tana tsara katunan biki da kalanda a kwamfuta. Yarinyar ba ta yi mini komai ba a lokacin. Uwarta ce. Hajiya Maimuna ta ƙi aurenmu tun ranar da aka kai gaisuwa, ta ce mutumin da ke gaida littafi kafin ya gaida mutane ba miji ba ne. Da shekaru suka ja babu haihuwa, ba ta taɓa cewa laifin wane ne ba. Sai dai duk sunan da aka yi a dangi sai ta tambaye ni a gaban mata, yaya littattafan, sun fara tafiya? Ga shi kuma daga hanci zuwa haɓa fuskarsu ɗaya da Sailuba. Leɓen nan ma tana da shi, sai dai a wurinta ba dariya yake sanarwa ba. Idan ya ja gefe, ka shirya, gatse ne ke tafe. A hoto ba a ganinsa, don a gaban kyamara tsuke baki take yi kamar mai ɓoye goro.

Da na yi wa Su'ad bayani sai ta ce in bari ita ta zana mini. Ba a jima ba ta kawo. Aiki mai kyau, ba laifi: wata dattijuwa mai hijabi, mai kirki, irin wadda ke ba yara alewa. Na ce mata wannan innarta ce, ta adana abinta. Ni matata nake nema, ita kuwa ba ta taɓa ganin matata ba. In za ta taimaka, ta koya mini.

Ta fara zuwa ranar Asabar da hantsi. Ranar farko ta shimfiɗa tabarma a zaure ta jera ƙwai, da buta, da kwalin shayi. Ta sa na ja layuka. Ban cika shafi ba ta ce in bari in zana kwalin. Ina cikin kokawa da kwalin ta ce in dubi inuwar ƙwai. Daga nan ta tashe ni zuwa bakin ƙofa in zana lungunmu, yadda yake tsukewa har ya ɓace a kwanar masallaci. Na dawo, ta miƙe hannunta ta ce in kama siffarsa kafin ta gaji. A ƙarshe ta gyara zama ta ce in zana fuskarta.

Na ajiye fensir na tambaye ta ko haka ake koyarwa a Samarun, ko kuwa ita ce ba ta tsaya an gama mata ba.

Ta ce haka ake yi. Layi, da awo, da nisa da kusa, da haske da inuwa, duk tare ake ɗaukarsu, kaɗan-kaɗan, kullum, domin kowanne shi ke tona asirin ɗan'uwansa. Sai ka sa inuwa za ka gane layinka ƙarya ne. Fuska kuwa, in ji ta, sai na ɓata da yawa kafin in sami ɗaya, gara in fara ɓatawar tun yau.

Ni a zauren mahaifina na yi karatu, nan Ƙofar Kuyambana, kafin boko ya same ni. A wurinsa ba a buɗe littafi na biyu sai an sauke na farko. Ka zo da littafinka, ka karanta, ya fassara, ka tashi. Gobe ka dawo inda ka tsaya, ko da shekara za ka yi a babin tsarki. Ɗalibin da ke yawo da tarin littattafai a jaka, mahaifina ba ya korarsa, sai dai ya ce a ba shi wuri kusa da ƙofa, tunda ba daɗewa zai yi ba. Da irin wannan tsarin garin nan ya fitar da alƙalai da malamai tun kafin a san za a yi wata makaranta a Samaru. Duk na gaya mata.

"Baba, zane ba fiƙihu ba ne."

"Ilimi ne ko ba ilimi ba ne?"

"Ilimi ne."

"To yana da tartibi. Layi tukuna."

Na tsara wa kaina babi-babi. Layi, sannan siffofi, sannan awo, sannan nisa da kusa, sannan inuwa, sannan ƙoƙon kai. Fuska ita ce ƙarshe. Su'ad ta ci gaba da zuwa, kuma kowace Asabar faɗa ɗaya muke yi. Ta jera kayanta, ni kuma in juya musu baya in ja layuka: miƙaƙƙe, lanƙwasasshe, da'ira, mai kauri, siriri. Ta ce layin da bai zagaye komai ba ba layi ba ne, zare ne. Na ce wanda bai iya baƙi ba ba ya haɗa kalma. Ta ce ni ne ɗalibi mafi taurin kai da ta taɓa gani. Na tambaye ta ɗalibai nawa ta taɓa gani, ban da masu zuwa a gyara musu sunan amarya a kati. Ƙwan da take kawowa kuwa, idan ta tafi nakan dafa shi.

Labari ya kai Ƙofar Kibo, kamar yadda komai ke kaiwa. Wata Asabar yarinyar ta zo tana kame-kame, sai da na matsa mata ta faɗi saƙon uwarta. Wai a tuna wa Malam, mai zana abu mai rai za a ce ya busa masa rai ranar gobe, shi kuwa ko a nan duniya an ga iyakarsa a wannan fannin. Na ce ta gaya wa Hajiya na gode da fatawa, kuma na ji daɗi da ta riƙe mas'ala ɗaya daga gidan ubanta, don na ɗauka da murya kaɗai ta fito. Ban sani ba ko an isar. Ina fata an isar. Mas'alar kuwa na fi ta saninta, har da saɓanin da ke ciki, kuma na riga na bar ta tsakanina da Ubangijina.

Da layina ya miƙe yadda nake so, na shiga siffofi, na fara da kwali. A tsakanin nan goshin Sailuba ya tafi. Ban gaya wa kowa ba. Amma wata rana Su'ad ta tambaye ni ɗan tabon da ke girar Inna, a ta hagu yake ko a ta dama. Na ce wannan ba darasin yau ba ne. Ta daɗe tana kallona, ni kuma na daɗe ina kallon kwali.

Asabar ɗin da ta biyo baya na ji sallama biyu a ƙofa. Hajiya Maimuna ce a bayan 'yarta, tana dafa bango, don keken haya mai ƙafa uku ba ya shiga lungunmu kuma gwiwarta ta daɗe da lalacewa. Rabonta da gidan tun zaman makoki. Ba ta tsaya a zaure ba, ta wuce tsakar gida kamar gidan ubanta. Su'ad ta ajiye mata kujera inda hasken hantsi ke faɗowa ta gefen rumfa. Daga baya na ji yarinyar ta yi makonni tana roƙonta.

Muka yi gaisuwar da ba ta wuce lafiya lau ba. Hajiya ta zame mayafinta baya kaɗan. Ta ce zunubin nawa ne, ita zama kawai ta zo yi, kuma ba don ni ba, don ƙanwarta. Sannan idonta ya kai kan tukwanen Sailuba da ke kife a gindin bango, yanar gizo ta lulluɓe su, sai leɓen ya ja gefe.

Na gan shi. Na zauna a bakin ƙofar ɗaki. Abin da nake lalube wata da watanni a cikin kaina, ga shi a tsakar gidana, rana tana haska shi, a fuskar matar da ba ta taɓa yi mini fatan alheri ba.

Su'ad ta ɗora mini allon zane a cinya ta sa mini fensir a hannu. Na dubi hannun. Na san abin da zai fitar, kuma na san wadda za ta fara gani, da kuma inda za ta kai labarin kafin azahar.

"Hajiya, kin sha wahalar banza. Ban kai nan ba tukuna."

"Ina ka kai?"

"Ina kan kwali."

"Kwali." Ta juya wurin 'yarta. "Ke, kin ji ko? Ƙanwata ta kusa shekara a ƙasa, mijinta yana kan kwali."

"Baba, ka zana ko yaya ne," in ji Su'ad, murya ƙasa-ƙasa. "Ko ya ɓaci. Hannunka zai riƙe wani abu."

"Ba na gwaji da fuskar matata."

"Ai tawa ce, Malam," in ji Hajiya. "Aro na ba ka. Kuma ba na ba da aro sau biyu."

Na yi mata bayanin tartibi a tsanake, yadda zan yi wa duk wanda bai yi karatu ba. Na ce idan na kai babin zan aika. Ta ce ita ba littafin laburare ba ce da zan dawo in same ta inda na bar ta. Ta dafa gwiwa ta tashi, ta ƙi hannun 'yarta. A bakin zaure ta tsaya ta ce yanzu ta gane abin da ƙanwarta take yi a bakin taga duk tsawon shekarun nan, jira take in gama babi. Na ce ko ma mene ne take yi, aƙalla ta sami wurin zama inda bakin yayarta ba ya kaiwa.

Su'ad ta tattara allonta da gawayin zanenta ta bi bayan uwarta. Ba ta sake zuwa ba, ni kuma ban aika ba.

Damina ta same ni ni kaɗai, kuma na yi aiki. Na gama kwali, na gama tulu da ƙwarya. Na koyi miƙa hannu da fensir ina rufe ido ɗaya ina auna tsawo da faɗi, har maƙwabta suka fara tambayar juna ko lafiya. Na zauna a bakin ƙofa na zana lungunmu da indararo na zuba, har sai da nisansa ya zama nisa a kan takarda. Na koma inuwa. Butar da na zana a ƙarshen wannan babin, in ka gan ta za ka miƙa hannu. Ƙoƙon kai kuwa daga wani tsohon littafin ilimin jiki na kwafe shi, gaba da gefe, har na san inda muƙamuƙi ke rataye. Kowane babi na sauke shi kafin in buɗe na gaba, kuma duk wanda ya ce ban iya su ba ya zo ya duba.

Ranar da na kai fuska na yi wanka, na fere sabon fensir. Na sa ƙoƙon kai, na raba awo, na ja layi, na shafa inuwa. Kowanne daidai yake. Amma sun zauna a kan takardar kamar fasinjojin motar haya, kowa bai san na kusa da shi ba. Ban ɗauki wannan a matsayin hujjar Su'ad ba. Fuskar da zan kalla ce babu. Na rufe ido na kira bakin, abin da ya zo bakin da ke hoton katin zaɓe ne. Na kira dariyar, na ji ta a kunnena sarai, ban ga komai ba. Na yi kwanaki ina kira. Ya tafi.

Saura wuri ɗaya a duniya da leɓen nan yake. Na sa riga, na ninke takarda na sa a aljihu tare da fensir, na sayi goro a hanya, na nufi Ƙofar Kibo da hantsi. Ba roƙo zan je yi ba. Na ce zan aika idan na kai, ga shi na kai, kuma na girmama ta na zo da ƙafata.

Tun daga bakin lungu na ga mota ta tsaya, ƙofofinta a buɗe. A ƙofar gidan takalma sun yi yawa. Bahago na samu a zaure, ya karɓi goron bai dubi fuskata ba. Ya ce Yaya ta faɗi a wurin alwala makon da ya wuce, ɓarin jiki ya shanye. An sallamo ta daga asibiti, yanzu ɗanta Umair zai tafi da ita Kaduna wurinsa. Na tambaye shi me ya sa ba a gaya mini ba. Ya ce sun ɗauka ina karatu.

Ɗakin cike yake da mata. Tana kwance a kan katifa, ta kwanta a kan damanta, rabin fuskar ya nutse cikin matashi. Rabin da ke sama shi ne wanda ya faɗi. Idon ya saki, kumatun ya zubo, bakin ya rataya ƙasa kamar na wata daban. Su'ad na zaune kusa da kanta da ƙyalle a hannu tana share mata gefen baki.

Na durƙusa na ce sannu, Hajiya, Allah ya ba da lafiya, ya sa kaffara ne. Matan suka amsa mata. Ta dube ni da idon nan, sannan ta yi magana. Sauti ne kawai ya fito, mai nauyi, ban kama ko kalma ɗaya ba. Su'ad ta sunkuya ta saurara, ta ɗago, fuskarta ba yabo ba fallasa.

"Wai ka gama kwalin?"

Wata daga cikin matan ta yi dariya ta rufe baki. Gatse ne, har a wannan halin. Na san a ƙarƙashin can, a ɓarin da bai mutu ba, leɓen ya ja gefe kafin ta faɗa. Matashi ne ya gani.

Na matsa kusa kaɗan. A nan ne Su'ad ta ga kan fensir ya leƙo daga aljihuna. Ta dube shi, ta dube ni, irin kallon da ban taɓa zaton yarinyar da a haife na haife ta za ta yi mini ba.

"Baba, fita da ita za a yi. Ka ba mu wuri."

Umair ya shigo da wasu maza, aka ɗaga ta da katifar. Wata ta ja mayafi ta rufe mata fuska saboda mutanen lungu. Na tsaya a jikin bango suka wuce ni, na bi su a baya har bakin mota. A Kaduna ta rasu kafin azumi, a can aka rufe ta. Na je ta'aziyya, aka ba ni wuri kusa da ƙofa.

Maganar tana bakina tun ina durƙushe a gaban katifar nan, kuma da an ba ni numfashi ɗaya da na faɗe ta a gaban matan duka, su ɗauke ni duk abin da za su ɗauka. Yaya, don Allah ki juyo mini ɓarin da ke kan matashi, ki sake zagina in gani.